Ranar da Aka Nemi Zuciyar Auta

Ina tsakar gida ina wanke shinkafar rana wayata ta yi ƙara. Asabar ce, babu makaranta, don haka ban fita koyarwa ba. Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, mazan unguwarmu a Haɗeja suna ta kai da komo bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Maigidana ma bai jima da shigowa ba, yana zaune bakin rijiya yana kankare taɓo daga ƙafarsa.

Na duba na ga Amarya ce, matar ƙanena. 'Ya'yanta biyu a lokacin, amma a gidanmu ba ta taɓa tashi daga Amarya ba. Shi kuma mijin nata Auta muke ce masa, don daga shi Inna ba ta ƙara haihuwa ba. Suna zaune a Ingila, inda yake aikin jinya a sashen yara masu ciwon zuciya.

Na ɗauka da dariya, ina shirin tsokanarta cewa ta manta da mu. Sai na ji muryarta ba irin wadda na sani ba.

Ta ce, "Yaya, kina zaune?"

Na ce, "A tsugune nake. Lafiya?"

Ta ce, "Sai haƙuri, Yaya. Auta ya rasu."

Bayan sallar asuba yana shirin fita aiki ya ce kansa na sara masa, ya zauna bakin gado, ya kife. Kafin a kai shi asibiti ya daina magana. Likitoci suka ce jijiyar jini ce ta fashe masa a kai. Hantsi bai gama ɗagawa ba rai ya yi halinsa.

Ban san na saki ƙwaryar ba sai da na ga kaji sun taru a kan shinkafar. Maigidana ya karɓi wayar daga hannuna, ya yi salati, ya ƙarasa magana da ita. Ni na goyi yaron nan. Mahaifinmu ya rasu Auta yana rarrafe, Inna na fama da gona da surfe, don haka a bayana ya yi wayo. Ni na fara riƙe hannunsa na kai shi makaranta. Duk wannan ya zo mini a lokaci guda, na zauna daɓas a ƙasa.

Muka fara shirin tafiya ƙauye, don Inna ba za ta ji wannan labari ta waya ba. Ƙauyenmu yana can bayan Auyo, a kan wani ɗan tudu cikin fadama. Da rani babur yana kai mutum har ƙofar gida. Da damina irin wannan kuwa, sai an haɗa da kwale-kwale.

Ina ɗaura mayafi Amarya ta sake kira. Wannan karon muryarta ta ɗan daidaita, kamar wadda ta yi kuka ta wanke fuska.

Ta ce, "Yaya, akwai wata magana. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zo ta same ni. Ta ce akwai wasu 'yan ƙofofi a cikin zuciyar mutum, masu buɗewa da rufewa jini na wucewa. Ko mutum ya rasu, in an cire su da wuri, ana adanawa a sa wa wanda nasa suka lalace. Yawanci yara. Suna tambaya ko za mu yarda a ɗauki na Auta."

Na san maganar, don shi da kansa ya taɓa yi mini ita wani zuwa da ya yi gida. Muna cin gyaɗa a ƙofar ɗakina ya ba ni labarin wata yarinya da aka kawo musu leɓenta ya yi baƙi, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Aka sa mata ƙofar zuciyar wani mamaci. Ya ce ranar da aka sallame ta da gudu ta fita, uwarta na bin ta. A lokacin na ce masa ya daina irin wannan zance muna cin abinci.

Na ce, "Shi ya taɓa gaya miki ra'ayinsa?"

Ta ce, "Ya gaya mini yana so. A dokar nan kuma maganata ta isa, in na ce e shi ke nan. Amma ni ba zan ce komai ba sai Inna ta ce. Ni aurensa na yi, Yaya. Ita ta haife shi."

"Har zuwa yaushe za su jira?"

"Sun ce abin ba ya son jinkiri. In an wuce gobe, ba shi da amfani."

A kan babur, muna bin hanyar Auyo, na gaya wa maigidana. Ya ci gaba da kauce wa ramuka. Can ya ɗan juyo da kai ya ce, "Ni dai da za ki ji tawa, kada a kai wa tsohuwar nan wannan magana. Mutuwar kaɗai ta ishe ta. Ki kira yarinyar ki ce ta yi abin da ta ga ya dace, ko ki ce mata a bari. Wa zai sani?"

Ba mugun nufi gare shi ba, tausayi ne. Ni ma zuciyata ta karkata can. Na ce masa bari mu isa tukuna.

Inda hanya ta ƙare ruwa ya shanye gonaki, sai kan dawa da ke leƙowa nan da can. Muka bar babur a wajen wani mai shayi, muka shiga kwale-kwale tare da wasu mata biyu da buhun gishiri da akuya ɗaure. Mai jirgin ya san ni, ya san Inna. Ya dubi idona sau ɗaya bai tambaye ni komai ba. Sai da muka ratsa cikin kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa, ya ce wa matan, "Ku yi haƙuri, zan fara sauke malama." Ya karkata ya bi ta bayan gari, inda ya fi kusa da gidanmu. Da maigidana ya miƙa masa kuɗi ya girgiza kai ya tura jirginsa. Har yau ban san yadda aka yi ya gane ba.

Ba mu shiga wajen Inna kai tsaye ba. Muka fara zuwa zauren Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Shi ne limamin garin. A ƙuruciyarsa ya yi karatu a gabas, wajen malaman Barno. Muka same shi ya idar da la'asar yana gyaran ragar kamun kifi ta ɗansa. Maigidana ya gaya masa. Baffa ya ajiye ragar, ya yi salati, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Da ya natsu na gaya masa magana ta biyu. Na yi zaton zai daka mini tsawa. A raina ma so nake ya yi, don in ya ce haram ne, an sauke mini kaya, ba sai na kai wa Inna ba.

Bai yi tsawa ba. Ya tambaye ni ko sayarwa za a yi, na ce a'a, kyauta ce. Ya tambaya ko za a wulaƙanta gawar, na ce Amarya ta ce za a ɗinke a rufe, a yi masa wanka da sutura kamar kowa. Ya tambaya ko yaron ya yarda tun yana raye, na ce ya yarda.

Ya ce, "Malamai sun saɓa a kan wannan. Akwai waɗanda suka hana, saboda alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Akwai waɗanda suka halatta in za a ceci rai, babu ciniki, kuma da yardar mai jiki ko ta magadansa. Duka ɓangarorin manya ne, ban isa in raina ɗaya ba. Ni a karan kaina, da ni aka tambaya, zan ce a ɗauka."

Maigidana ya ce, "To Baffa, tunda haka ne, ko a kira a ce an yarda, a bar Inna da abu ɗaya?"

Baffa ya girgiza kai. "Yarinyar nan tana da ikon ta yanke, ta ƙi, ta miƙo wa uwarsa. Girma ta ba ta. Mu ne za mu tsaya a hanya mu karɓe? A'a. Za a gaya mata, kuma duk abin da ta ce, shi za a yi."

Muka sami Inna a bakin murhu tana juya kifi a kan ragar ƙarfe, hayaƙi ya cika rumfar. Da ta gan mu mu uku a jere, da Baffa a gaba, ta ajiye abin da ke hannunta. Ta dube ni ta ce, "Wanne ne?" Mu huɗu ta haifa.

Baffa ya ce, "Auta ne. Allah ya karɓi abinsa."

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta dafa ginshiƙin rumfar ta zauna a hankali, tana maimaita innalillahi, har muryar ta koma raɗa. Na rungume ta. Jikinta duk ƙaurin hayaƙi. Kafin wani lokaci mata sun fara shigowa, gidan ya cika da salati.

Rana tana yin ƙasa, ni kuma maganar tana ci na. Baffa ya leƙo daga zaure ya yi mini alama da ido. Na ja Inna zuwa ɗakinta, na saki labule, shi kuma ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba. Na yi ta kewaye-kewaye har Inna ta ce, "Ke, faɗi abin da ke bakinki." Na faɗa. Na yi mata bayanin ƙofofin, da yaran da ake sa wa, da cewa Amarya ta ce sai abin da ta ce.

Ta ce, "Yanka shi za su yi?"

Na ce, "Za su buɗe ƙirjin, su cire, su ɗinke."

"Zuciyar za su fitar?"

"E, Inna."

"Su binne shi babu ita?"

Na ce ina jin haka ne, ko kuma su mayar da abin da ya rage, ban tabbata ba.

Ta juya wajen ƙofa. "Malam, me littafi ya ce?"

Baffa ya maimaita mata abin da ya gaya mana, bai ƙara ba bai rage ba. Har ra'ayinsa ya faɗa mata, ya kuma ce in ta ƙi babu zunubi a kanta.

Na ce, "Inna, shi ma ya so. Ya gaya wa matarsa."

Ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma. Daga waje ana jin mata suna shimfiɗa, wata na tambayar inda aka ajiye buta. Sannan ta ɗago.

Ta ce, "Da a nan ya mutu, da na shiga na gan shi. Da na taɓa goshinsa, na ga an ɗauke shi an fita da shi ta ƙofar nan. Kabarinsa da na san inda yake, ko daga nesa in nuna in ce ga shi can. Yanzu ba ni da ko ɗaya. Abin da ya rage mini kawai in rufe ido in gan shi kwance yadda na haife shi, babu abin da ya ragu. In kuka ce an buɗe shi an cire, duk ranar da na rufe ido abin da zan gani ke nan har in mutu. Ba zan iya ba. Allah ya ba yaran nan lafiya ta wata hanya. Ni ba zan iya ba."

Na buɗe baki zan ƙara magana, Baffa ya ce, "Ya isa. An ji."

Na miƙe zan fita in kira Amarya. A garinmu waya ba ta kamawa sai a barandar makarantar firamare, can ƙarshen tudu. Nan Inna take zuwa duk Juma'a ta jira kiran Auta. Sai na ga ta jawo mayafinta.

Na ce, "Inna, ki zauna, mutane na zuwa gaisuwa."

Ta ce, "Yarinyar nan da bakinta ta tambaye ni. Da bakina zan ba ta amsa."

Muka fita ta ƙofar baya. Ruwa ya kwanta a hanyar makarantar har ƙwauri, muka tattare zane muka ratsa, ina riƙe da hannunta. A barandar na kira, na sa yadda duk za mu ji. Da Amarya ta ji muryar Inna sai ta fashe da kuka, Inna ma ta fashe. Suka yi ta yi, ni ina riƙe da waya a tsakaninsu, ina fargabar kada sabis ya ɗauke.

Inna ce ta fara tsayawa. Ta ce, "'Yata, an gaya mini. Na ji ya so, na ji ke ma kin so. Ni ce na kasa. Ki yafe mini."

Amarya ta ce, "Inna, babu abin yafewa. An gama. Babu wanda zai taɓa shi."

"Ba za ki riƙe ni a zuciya ba?"

"Wallahi a'a, Inna."

"To wa zai yi masa wanka a can? Akwai Musulmi?"

Amarya ta ce akwai. Mutanen masallacin unguwarsu tun da rana suke asibitin. Akwai wani dattijo Bahaushe daga Nijar, direban tasi, wanda Auta ke kira Kawu. Dattijon ya ce shi zai tsaya a kan komai, da hannunsa zai yi masa wanka. Matan masallacin kuma sun kwashe yaran, sun kawo abinci.

Inna ta ce, "Ki ce masa uwar yaron ta gode. Ki ce ya sa hannu a goshinsa a madadina."

Haka aka yi. Dattijon nan ban taɓa ganinsa ba, ban san sunansa na yanka ba, amma ba na sallah in manta da shi.

Na zauna a ƙauye har aka yi sadakar bakwai. Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan akwai abin da ya tsaya mini a rai. In na ga yaran maƙwabta suna wasa a bakin ruwa sai in tuna yarinyar da Auta ya ba ni labari, in ce a raina ga abin da ya roƙa, mun hana shi. Ban gaya wa Inna ba. Na gaya wa Baffa wata safiya yana shan kunu a zaure.

Ya ce, "Ni ma na so a ce ta yarda. Amma ki duba, wanda ya tafi ya riga ya sami ladan niyyarsa. Wadda ta rage ita ce za ta kwana ta tashi da abin. Ki bar ta ta yi baƙin cikinta yadda za ta iya ɗauka."

Ban ce maganarsa ta wanke mini zuciya nan take ba. A hankali abin ya sake ni, kamar yadda ruwa ke janyewa daga fadama, ba ka ganin tafiyarsa sai dai ka ga ƙasa ta fito.

Amarya ta yi takabarta a can saboda makarantar yara. Da ta fita, rani ya shigo, ta kwaso su suka zo gida. Ta fara sauka wajen iyayenta a cikin Haɗeja. Mutanen bakin Tafkin Chadi ne asalinsu, mahaifinta fataucin bandar kifi ya kawo shi garin ya zauna. Bayan kwana kaɗan ta ce in raka ta ƙauye. Wannan karon mota ta kai mu har ƙofar gida. Inda muka bi da jirgi duk ya zama gonakin tattasai da alkama, injinan ban ruwa na ta ƙara.

Na yi fargabar haɗuwarsu, ban san dalili ba. Inna ta fito ta rungume ta, ta ɗauki ƙaramin yaron ta yi ta juya fuskarsa tana kallo. Kunnuwan ubansa ne da shi sak.

Washegari da hantsi muna zaune mu uku a rumfa, Inna na turara shinkafa, Amarya na tsince wadda aka shanya. Ba wanda ya tayar da maganar tun zuwanmu. Inna ce ta tayar, idonta a kan tukunya.

Ta ce, "Matar nan ta asibiti, da kika ce mata a'a, me ta ce?"

Amarya ta ce, "Ta ce ta gode da muka tsaya muka yi shawara. Ta ce in miƙa miki ta'aziyyarta. Ta kawo mini shayi, sannan ta taimaka aka ba mu gawarsa da wuri."

Inna ta juyo. "Ba ta ji haushi ba?"

"Ko kaɗan. Ta ce iyalai da yawa suna cewa a'a, kuma kowa da dalilinsa."

Inna ta gyara itace a murhu. Can ta ce, "Yaran da za a sa wa fa? Sun mutu?"

Na ɗaga kai na dubi Amarya, ina roƙonta da ido ta ce a'a. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Wasu iyalan suna bayarwa, ana samu. Wasu yaran kuma suna daɗewa suna jira. Ba zan ce miki ga abin da ya faru ba."

Inna ta gyaɗa kai. Ina jin da an yi mata ƙarya da ta gane.

Ta ce, "Ke fa? Ya yi miki ciwo?"

"Ya yi, Inna. Na so in cika masa burinsa. Amma na san shi. Da zai tashi ya ga na cika masa buri na bar ki da abin da zai hana ki barci, da bai gode mini ba."

Inna ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta ce, "Har yau in na rufe ido lafiyayye nake ganinsa, kamar yana barci. Ke kika bar mini wannan. Allah ya yi miki albarka, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi mini."

Muka ce amin. Sai Amarya ta ce, "Ni ma na gaya wa tawa uwar, in na rasu a can ina so a ɗauki nawa."

Inna ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce in bari ta riga ni tafiya tukuna, bayan nan in ba su har da hanta."

Inna ta yi dariya har da tari. Tun ranar rasuwar ban ji dariyarta ba sai ranar.

A zaman nan ne Amarya ta lura da wata yarinya 'yar maƙwabta, mai kamar shekara goma, da ke shigowa ɗibar wuta. In ta tako daga gidansu zuwa namu sai ta tsaya ta dafa bango tana haki, ƙafafunta a kumbure. Uwarta ta ce an yi ta ba ta maganin shawara da na iska, babu sauƙi. Amarya ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ɗinki take yi, amma ta shekara da shekaru tana jin hirar mijinta. Ta tambaya ko yarinyar ta taɓa yin ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi, aka ce ta sha yi. Ta ce a daure a kai ta a duba zuciyarta.

Uban yarinyar masunci ne, ya ce ba shi da halin zuwa Kano. Inna tana jin su. Da yamma ta aika aka kira Baffa, ta ce gonar fadamar da mahaifinmu ya bari, wadda ake nomawa da sunan Auta, tana so rabonta na uwa a ciki ya tafi wajen maganin yarinyar nan. Amarya ta ce a haɗa da nata. Baffa ya ce na marayu dai ba za a taɓa ba, sauran kuwa ya ji ya kuma shaida.

Ni na kai ta Kano tare da uwarta. Likita ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya nuna mana a allo wani abu yana buɗewa yana rufewa, amma ba ya rufuwa daidai. Ranar na fara ganin ƙofar da aka yi ta magana a kanta. Ƙarama ce ƙwarai, tana motsi kamar bakin kifi. Ya ce ciwon maƙogwaron da ba a yi magani ba ne ya lalata ta. Ya rubuta ƙwayoyi, da allura duk wata ba fashi. Ya ce wataƙila nan gaba sai an yi aiki an canja ƙofar, amma in an kiyaye za a iya jan lokaci mai tsawo.

Da muka dawo na gaya wa Inna duk abin da ya ce, har maganar canjawar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya kawo mai bayarwa." Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Yanzu duk wata yarinyar tana zuwa Haɗeja ta karɓi allurarta, ta kwana a gidana. Kumburin ya sauka, ta yi tsayi, har ta shiga sakandare. Ta tsani allurar, kullum sai ta yi ɗingishi ta dawo tana mita. Watan jiya ta zo da ƙullin yaji da busasshen kifi daga Inna, da saƙo cewa in tabbatar na ga an yi mata allurar da idona, don Inna ta ji labarin wani zuwan yarinyar ta tsaya kallon masu kiɗa a kasuwa har ma'aikatan suka tashi. Na saka hijabi na raka ta. A hanya ta ce mini ita ma aikin jinya take so ta karanta, amma ba za ta riƙa yi wa mutane allura da zafi haka ba.